Wai don wa aka ƙera CapCut ne?

Ka ɗauki bidiyon da rana, ka zauna bayan Isha'i za ka gyara shi. Ka yanke, ka ɗora murya, ka jera rubutu a ƙasa. Sai babban yatsanka ya goga wani ɗan wuri, muryar ta zame, baki na motsi magana na biyo baya. Kafin ka gano ƴar kibiyar da ke mayar da aiki baya, caji ya koma ja. Gobe kuma sai ka biya mai caji.

Nan take za ka ce kai ne ba ka iya ba. Dakata tukuna.

Dubi fuskar manhajar da kyau. Maɓallan ƙanana ne, an jera su a layi ɗaya a ƙasa, sai ka yi ta ja gefe kafin ka ga wanda kake nema. Ka taɓa ɗaya, wani layin ya buɗe, na farkon ya ɓace. A babbar waya mai ƙarfi abin da sauƙi. A itel ko Tecno mai tsagaggen gilashi, wadda da ita yawancinmu ke aiki, wahala ce zalla. Ga Turanci. Facebook ya sa Hausa tun 2016, amma a nan sai ka yi ta canki-canka da alamomi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarkon Pro. CapCut, ta kamfanin ByteDance mai TikTok, tana barin ka ka ɗora ado a bidiyo, ka ɓata awa guda, sai ka zo fitarwa ta ce biya. KineMaster kuwa tambarinta take manna maka a kusurwa in ba ka saya ba. Neman kuɗi ba laifi ba ne, kowa da sana'arsa. Amma mai shayi ma yana faɗin farashi kafin ya zuba. Sannan kusan kowane ado sai an sauke shi da data, alhali a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Wani zai ce ai wasan TikTok ne. To, ka tuna Tungar Daji a ƙaramar hukumar Anka, ɗaya daga ƙauyukan da gubar dalma ta afka wa a 2010, lokacin da yara kusan 400 suka rasu a Zamfara saboda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Har yau ana haƙar zinariya a Anka da Bukkuyum. Matashin da zai yi bidiyon minti ɗaya da Hausar garinsu, ya ce wa ƙannensa kada a shigo da dutsen gida, ya fi kowace takardar gargaɗi isar da saƙo. In manhaja ta gajiyar da shi ya haƙura, an yi asarar wannan saƙon.

Don haka kafin ka fara aiki, ka duba ko akwai alamar Pro a jikin abin da za ka ɗora. Ka fitar da gwajin daƙiƙa biyar tun farko. Ka zaɓi 720p, ya ishi WhatsApp. Sannan ka shiga Play Store ka rubuta ƙorafinka, da Hausa ma, ka nemi manyan maɓallai da harshenka. In kuma kana Gummi ka riga ka ƙware, ka zaunar da na Tungar Daji ranar kasuwa ka nuna masa inda kibiyar take.