Gawar Wanda Ya Kashe Kansa: Abin da Dokar Katolika ta 1983 Ke Tuna wa Tambuwal da Kebbe

A harshen Hausa, "kisan kai" na nufin mutum ya hallaka wani, duk da cewa kalmar "kai" ita ce kuma ake amfani da ita wajen nuna mutum shi da kansa. Saboda haka idan abin ya faru a kan mai aikatawa, sai a koma ga jimla, a ce wane ya kashe kansa. "Ƙunar baƙin wake" da a da take iya ɗaukar wannan ma'ana, tuni rikicin Boko Haram ya janye ta zuwa ga masu tayar da bam a cikin jama'a. Wannan giɓi na suna ya dace da yadda Bahaushe ke tunkarar lamarin: a rage murya, a gaggauta sutura, in an tambayi sanadi a ce kwana ne ya ƙare. Tambayar da ke biyo baya a zaure, wato ko za a sallaci gawar da kuma wanda zai ja sallar, ita ce ta fi cin rai, kuma a kanta ne tarihin Cocin Katolika yake da abin faɗa.

Mai karatu na iya mamakin kawo Katolika cikin zancen Tambuwal da Kebbe, ƙananan hukumomi biyu na kudancin Jihar Sakkwato da kusan dukkan mazaunansu Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya. Kiristoci a can tsiraru ne, kuma 'yan Katolikan cikinsu suna ƙarƙashin Dayosis na Sakkwato, wanda ya samu wannan matsayi a 1964, Bishop Matthew Hassan Kukah kuma yake jagoranta tun 2011. Dalilin kawo su shi ne, cocin ya yi ƙarni da yawa yana hana irin wannan gawa jana'iza, daga baya ya sauya dokarsa a rubuce ba tare da ya halatta aikin ba. Yadda ya raba waɗannan abubuwa biyu ya cancanci nazari.

Tsananin ya samo tushe daga Agustin na Hippo, malamin Arewacin Afirka da ya rasu a 430, wanda ya kafa hujja da cewa umarnin da ya hana kisa bai ware ran mai aikatawa ba. (Abin lura ga masu nazarin fassara: Littafi Mai Tsarki na Hausa da kalmar "kisankai" ya fassara wannan umarni, sai ga shi harshen ya haɗe abin da Agustin ya sha wahalar haɗawa.) A ƙarni na 6 taron limaman coci a Braga, cikin ƙasar Fotugal ta yau, ya hana a yi wa wanda ya kashe kansa addu'o'in jana'iza. Kundin dokokin coci na 1917, a doka ta 1240, ya ci gaba da wannan hani, amma da sharaɗi: sai wanda ya aikata da gangan, cikin shawarar da ya yanke da hankalinsa. Ta wannan ƙofa ce limamai masu tausayi suka riƙa shigar da gawarwaki da yawa. Da aka sabunta kundin a 1983, doka ta 1184 da ta lissafa waɗanda ake hana wa jana'iza ba ta ambaci wanda ya kashe kansa ba ko kaɗan, kuma ta ce in an yi shakka a kan wani mamaci, a mayar da lamarin ga bishop.

Littafin koyarwar cocin na 1992 ya bayyana dalili a sakin layi na 2280 zuwa 2283. Rai amana ce, mutum mai riƙo ne kawai, don haka kashe kai babban laifi ne. Sai dai a koyarwar Katolika zunubi ba ya kai matsayin mai hallakarwa sai abubuwa uku sun haɗu: girman aikin, cikakken sani, da cikakkiyar yarda. Littafin ya ce mummunar rikicewar tunani, ko tsananin ƙunci, ko matsanancin tsoron wahala ko azaba, suna iya rage alhakin mai aikatawa. Ya kuma hana yanke ƙauna game da makomarsa, ya ce coci na yi masa addu'a.

Ɗalibin fiƙihu a Tambuwal ba zai ji wannan baƙo ba. Taklifi a Musulunci ya rataya ne a kan hankali, kuma hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku, har da wanda hankalinsa ya gushe, sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malamin zaure. A Mudawwana an ruwaito cewa Imamu Malik yana ganin a sallaci wanda ya kashe kansa, a yi masa duk abin da ake yi wa gawar Musulmi, laifinsa kuma yana tsakaninsa da Ubangijinsa. Hadisin Jabir ɗan Samura da ke Sahihu Muslim, wanda ya nuna Annabi (SAW) bai sallaci wani irin wannan mutum ba, jumhurun malamai sun ɗauke shi a matsayin tsawatarwa daga shugaba, sauran jama'a kuwa farillar tana nan a wuyansu. Wato abin da Katolika suka rubuta a 1983 game da jana'iza, Malikawa sun daɗe da shi a littafi. Matsalar tana wajen aiki. A birni, in babban malami ya janye domin tsawatarwa, akwai wanda zai shiga gaba. A ƙauyen da limami ɗaya ne, janyewarsa na iya zama hana sallar baki ɗaya, ko kuma a yi ta da sahu guda cikin kunya. Mamacin ya riga ya wuce inda tsawatarwa za ta same shi. Matarsa da 'ya'yansa ne take sauka a kansu, su ne za su yi zaman makoki ba masu gaisuwa.

Akwai masu cewa sassautawa za ta buɗe ƙofa, tsoron wulaƙancin gawa yana hana wasu. Damuwar ba ta banza ba ce, amma tana ɗauka cewa mai wannan hali yana zaune yana auna riba da hasara, alhali abin da ake gardama a kai ke nan. Cocin bai taɓa haramcin ba, abin da ya janye shi ne ikon yanke hukunci a kan zuciyar da babu mai iya leƙawa.

Inda aikin ya dawo kan masana Hausa shi ne wajen kalmomi. Idan hanya ɗaya tilo ta samar wa mamaci uzuri ita ce a kira shi mahaukaci, to iyalinsa sun shiga tsaka mai wuya. Kowa ya san binciken da ake yi kafin aure a ƙasar Hausa, ya kuma san abin da "akwai hauka a gidansu" ke jawo wa 'yan matan gida. Sai dangi su zaɓa tsakanin tabo biyu: a ce ɗansu ɗan wuta ne, ko a ce jininsu da taɓuwa. Da yawa sukan zaɓi na uku, wato ɓoyewa. Hikimar rubutun 1992 ita ce bai tsaya a kan hauka ba, ya ambaci ƙunci da tsoro, waɗanda kan sami mai cikakken hankali. Hausa ba ta rasa sunayensu ba: ƙunci, baƙin ciki, zulumi, firgici, zautuwa, ɗimuwa, da "ciwon damuwa" da likitoci da gidajen rediyo suka yaɗa a 'yan shekarun nan. Abin da ya rage shi ne a tantance iyakar kowace, a ga wadda take nuna raunin zaɓi ba tare da ta jawo tabon hauka ba. A yanki irin Kebbe, mai iyaka da Zamfara, inda hare-haren 'yan bindiga da satar mutane suka raba manoma da gonaki da dabbobi, ambaton tsoron azaba a matsayin abin da ke rage alhaki magana ce ta yau da gobe. Magidancin da ya sayar da komai ya biya kuɗin fansa, ya dawo gida ba ya barci ba ya magana, maƙwabta ba za su kira shi mahaukaci ba, kuma babu wanda zai ce lafiyarsa ƙalau.

Dokar ƙasa ma tana ƙara wa ɓoyewar ƙarfi. Sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba, kamar yadda sashe na 327 na Criminal Code ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya a Kudu. Gadon mulkin Ingila ne, ita kuwa Ingila ta soke laifin tun 1961, Ghana ta bi sahu a 2023. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta share waɗancan sassa ba. Iyalin da ɗansu ya tsira suna da dalilin gudun asibiti, domin suna tsoron maganar ta kai ga 'yan sanda. Ga kuma nisa: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, arewa da birnin Sakkwato, don haka mutumin Kebbe sai ya ratsa kusan rabin jihar kafin ya kai. Mai ruƙiyya da mai maganin gargajiya sun fi kusa, kuma ba sa rubuta suna a rajista.

Sassan Hausa na jami'o'i sun tara kundaye masu yawa a kan al'adun mutuwa, daga wankan gawa zuwa takaba da sadakar arba'in. Jana'izar da ake yi cikin raɗa ita ma al'ada ce, tana da kalmominta da dabarun sakaya zancenta, kuma limaman ƙauyukan Tambuwal da Kebbe da limaman cocin Dayosis na Sakkwato duk suna fuskantarta da harshe ɗaya. Mai binciken da zai zauna da ɓangarorin biyu ya tambaye su da wace kalma suke yi wa uwar mamacin ta'aziyya, zai dawo da abin da ba ya cikin Mudawwana, ba ya kuma cikin doka ta 1184.