Kano Pillars: Kafin a Sayo Kowa, a Buga Mana Lissafin Yaran da Aka Ɗauka

Tun da hukumar gasar firimiya ta Najeriya ta hukunta Kano Pillars kan abin da ya faru a filin Sani Abacha ranar wasanta da Shooting Stars a Oktoban 2025, aka zaftare mata maki uku, aka ci ta tarar naira miliyan 9.5, aka kuma kora ta Katsina ta riƙa karɓar baƙi a gidan wasu, magana ɗaya ake nanatawa a gidajen kallo da shirye-shiryen wasanni na rediyo: a fito da kuɗi a sayo 'yan wasa. Kasuwar 'yan wasa za ta buɗe, dillalai za su fara kai-kawo, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya. Za a miƙa riguna, a ɗauki hotuna, a sa a Facebook, a ce an yi wa ƙungiya garambawul.

Wannan jarida ba ta hana a sayo kowa ba. Abin da muke nema shi ne, kafin a sa hannu a kan sabon kwantiragi ko da guda ɗaya, mahukuntan ƙungiyar su buga wa jama'ar Kano lissafin yaran da suka ɗauko daga filayen unguwanni da ƙauyuka a shekarun baya-bayan nan. Su wane ne, daga wace ƙungiya aka ɗauko su, wa ya gan su ya kawo sunansu, shekarunsu nawa a lokacin, wasa nawa suka buga, kuma yau suna ina. Pillars ƙungiyar gwamnatin jiha ce. Albashin 'yan wasanta da kuɗin man motarta daga baitulmalin Kano suke fitowa, don haka mai noman dawa a Rijiyar Zaki yana da haƙƙin yin wannan tambaya daidai da duk wani mai zama a rumfar manya ta filin Sani Abacha a Ƙofar Mata.

Mun ambaci Rijiyar Zaki da gangan. Mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ungogo, a kan hanyar Gwarzo, inda birni ya zo ya haɗe da gonaki. Da damina ƙwallo takan koma filin makaranta, saboda ko'ina shuka ce. Da kaka, an girbe gero da dawa an kwashe kara, sai yara su kafa sanduna a gona su mai da ita fili har ruwa ya sake sauka. Wanda suke kira koci sau da yawa malamin firamare ne, ko tela, ko mai tuƙa adaidaita sahu. Da kuɗin aljihunsa yake sayen ƙwallo, shi ke bi gida-gida yana roƙon iyaye su bar yaro ya je wasa, shi ke tara ɗari-ɗari na mota idan za a buga a wani gari, shi ne kuma mai kai yaro wurin ɗori idan ya karye. Filayen ma kullum raguwa suke yi, domin gonar da aka buga ƙwallo a cikinta bara, bana an yanka ta fulotai an zuba bulo. Haka abin yake a Gayawa da Bachirawa da Panisau, haka yake a Tofa da Bichi da Dambatta. Daga irin waɗannan wurare ƙwallon Kano ke samun mutanenta, kuma su ne na ƙarshe da ake waiwaya.

Kowa ya san yadda gwajin 'yan wasa ke gudana a ƙungiyoyin gwamnati a ƙasar nan. Matasa su yi dafifi tun da asuba, wasu da takalmin aro, a raba su gida-gida, kowa ya taɓa ƙwallo na ɗan lokaci, a ware 'yan kaɗan a sallami sauran. Waɗanda aka ware, wasu a tura su ƙaramar ƙungiya, wasu a ce su riƙa zuwa atisaye. Daga nan sai labari ya yanke. Bayan shekara biyu ka ga yaron da unguwa ta yi wa rakiya ya dawo yana ɗinki ko yana dako a kasuwar Dawanau, ba wanda ya gaya masa dalili, ba wanda ya tambayi wanda ya zaɓe shi ina aka kwana.

A Amurka, ƙungiyoyin wasan besbol na ƙwararru suna zaɓen matasa daga makarantun sakandare da jami'o'i a bainar jama'a, tun daga 1965. Yanzu zagaye 20 ake yi kowace shekara a watan Yuli, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su suka fi samun damar fara zaɓe. Sunan kowane yaro da makarantarsa da kuɗin da aka ba shi na sa hannu duk a fili suke. Mafi yawan waɗanda ake zaɓa ba sa taɓa kaiwa babbar gasa, kuma ba a ɓoye hakan. Bayan shekara huɗu ko biyar jaridu sukan dawo su ɗauki jerin sunayen ɗaya bayan ɗaya, su ce wannan ya yi, wannan bai yi ba, ga wanda aka tsallake ya zama gwarzo a wata ƙungiya. Mai farautar 'yan wasa da zaɓinsa ya riƙa faɗuwa yakan rasa aikinsa. Ba mu ce a kwaso tsarinsu a dasa a Kano ba, ƙwallon ƙafa ba ta tafiya a haka. Abin ɗauka a ciki shi ne rubutawa da waiwaye. Manomin Rijiyar Zaki da bai taɓa jin labarin besbol ba yana yin haka: ya san irin da ya shuka a kowace gona, ya san dami nawa kowace ta ba shi, kuma ba ya komawa wurin wanda ya sayar masa da irin da bai tsiro ba.

Idan aka tayar da wannan magana, nan da nan sai a jero mana sunaye. Sani Kaita ya tashi daga Pillars ya tafi Sparta Rotterdam a 2005. Ahmed Musa, wanda ya taso a makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 yana ɗan shekara 17, ya wuce VVV-Venlo, daga can CSKA Moscow, daga can Leicester. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya bi ta Pillars kafin ya ciwo wa Najeriya tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016. Ga Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad, 'yan gida da suka riƙe ƙungiyar a shekarun da ta ɗauki kofin gasar sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, bayan na farko a 2008. Duk gaskiya ne, kuma muna alfahari da su. Amma a duba shekarun. Sunayen da ake kare kai da su duk na fiye da shekara goma da suka wuce ne. Tun 2014 kofin gasar bai sake kwana a Kano ba. An samu kofin ƙalubale a 2019, sai kuma abin kunyar 2022, lokacin da ƙungiyar da ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 ta faɗa rukuni na biyu. Ba a auna mai zaɓe da mutum biyar da suka yi suna. Da dukan waɗanda ya ɗauka ake auna shi, har da waɗanda ya gani ya bari suka wuce. Musa Muhammed, kyaftin ɗin 'yan ƙasa da shekara 17 da suka ɗauko kofin duniya a 2013, ɗan Kano ne, kuma ta wata ƙaramar makarantar ƙwallo ya bi ya tafi Turkiyya, ba ta Pillars ba.

A daidai wannan lokaci, Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, garin da bai kai wasu ƙananan hukumomin Kano yawan jama'a ba, ta ɗauki kofin gasar a 2025. Mai ƙungiyar yana da makarantar rainon matasa, Beyond Limits, wadda ta je Italiya ta ciwo kofin Viareggio a 2024. A Senegal, Génération Foot ce ta raini Sadio Mané. A Ghana, Right to Dream ce ta fitar da Mohammed Kudus. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da tarin yara masu son ƙwallo irin na Kano, jihar da ke da ƙananan hukumomi 44, wadda kuma take karɓar gasar Ramat ta matasa kowace shekara. Abin da suka fi mu da shi takarda ce: sun san yaron da suka ɗauka, sun san ranar da suka ɗauke shi, sun san abin da suka kashe a kansa da abin da ya dawo musu.

Takardar nan kuɗi ce, ga wanda bai sani ba. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faransa da ke bin sawun waɗannan kuɗaɗe yana biyan masu haƙƙi kai tsaye. Sharaɗin ɗaya ne: sai sunan ƙungiyar ya fito a tarihin rajistar ɗan wasan. Ƙungiyar unguwa da ba ta da rajista, wadda aka ɗauke mata yaro da baki aka sallami kocinta da ƙwallaye biyu da saitin riguna, ba za ta ga ko sisi ba, ko da an sayar da yaron a kan miliyoyin fam. Leicester ta biya kusan fam miliyan 16 a kan Ahmed Musa a 2016. Mai karatu ya fitar da kashi 5 cikin 100 na wannan, ya ga irin kuɗin da kocin Rijiyar Zaki zai rasa rabonsa a ciki ranar da Allah ya ɗaga ɗaya daga cikin yaransa. Shi ya sa muke cewa lissafin da za a buga ya ƙunshi sunan ƙungiyar da ta raini kowane yaro da abin da aka ba ta.

Akwai kuma abubuwa biyu da duhu ke rufewa, kowa ya san su, ba a son faɗa. Na farko shekarun ƙwallo. A 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi gwajin ƙashi na tantance shekaru ana gab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya a lokacin. Duk magidancin da aka rubuta masa shekara 18, gurbin yaron da ke da shekara 18 na gaskiya ya cinye. Na biyu hannu da ke bi ta ƙarƙashin tebur. Ba a manta ba, a 2018 hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da wani babban mai horarwa na Super Eagles shekara guda bayan an ɗauke shi a bidiyo yana karɓar kuɗi daga masu shigar dillalai, ko da yake ya ce kyauta ce ba ta shafi zaɓinsa ba. Idan hakan ta faru a sama inda idon duniya yake, iyayen yara ba su yi laifi ba idan suka yi zargin cewa a ƙasa ɗan wane da mai takarda daga ofis su ke shiga gaba. Ba mu tuhumi kowa a Pillars da wannan ba. Amma ƙungiyar da ba ta buga sunan wanda ya kawo kowane yaro ba, ba ta da abin da za ta wanke kanta da shi.

Za a ce gasar firimiya ba makaranta ba ce, kocin da wuƙa ke wuyansa ba zai saka yaro ɗanye ba alhali ana neman maki. Mun ji. Sai dai da wannan hujja aka yi ta kwaso 'yan wasan da wasu ƙungiyoyi suka gama moriyarsu, a biya su kuɗin sa hannu, su yi kaka ɗaya su kama gabansu, kuma ba ta hana faɗuwar 2022 ba.

Mun gaji da ganin kowace gwamnati ta zo ta rushe hukumar gudanarwa ta naɗa tata, sabuwar ta fara daga farko kamar ba a taɓa ɗaukar yaro ko ɗaya ba kafin zuwanta. Mun gaji da jin za a gina makarantar raino. Kano ta taɓa yin Raccah Rovers, zakaran ƙasa a 1978, yau sai dai a ba matasa labarinta. Ita kanta Pillars a 1990 aka haɗa ta daga WRECA da Golden Stars da Bank of the North, kuma shekara 35 sun isa a ce tana da kundi guda da kowane shugaba zai gada ya miƙa wa na bayansa. Da Barau FC ta hau gasar firimiya a 2025, yaran Kano ta Arewa sun samu ƙofa ta biyu, kuma ita ma muna kiran ta da ta rubuta, ta biya masu raino haƙƙinsu.

Ahmed Musa, wanda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa babban manajan ƙungiyar a Yulin 2025, ya fi kowa sanin abin da muke faɗa, domin shi ma wani ne ya gan shi yana yaro ya ba shi riga. Muna kiran sa da ya buga lissafin kafin kasuwa ta buɗe, kuma ya mai da shi al'ada a ƙarshen kowace kaka. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta bi mazaɓa-mazaɓa ta yi wa ƙungiyoyin unguwa rajista a kan kuɗin da tela da malamin firamare za su iya biya, ta fara da Ungogo. Kwamitin wasanni na Majalisar Dokokin Jihar Kano kuwa, kada ya amince a saki ko kwabo na sayen sababbin 'yan wasa sai an ajiye masa wannan lissafi a kan tebur.