Daga Wudil: Mai Shuka Da Mai Girbi

'Yan'uwa, jiya ɗana ya tambaye ni, "Baba, rubutu yana ciyar da mutum?" Ga amsata.

Malam Sa'adu Zungur na Bauci ya farkar da jama'a da waƙoƙinsa zamanin Turawa. Ya rasu a 1958, saura shekara biyu mu sami mulkin kai. Likita Jose Rizal na ƙasar Filifin kuma ya wallafa littafi a 1887, ya tona zaluncin masu mulki daga Sifen. Suka harbe shi a Manila a 1896.

Ba wanda ya ci girbinsa a cikinsu, jikoki suka ci. Iyaye, kada mu raina alƙalamin yaro.