Idan kotu ta rufe kamfani, wa ake fara biya?

Tsofaffin 'yan kasuwa daga Grand Hangar zuwa New Bell ba su manta da Fabrairun 2011 ba. A watan ne COFINEST, ɗaya daga cikin manyan gidajen ajiyar kuɗi na ƙananan 'yan kasuwa a Douala, ya rufe ƙofofinsa bayan hukumar COBAC mai sa ido kan bankunan yankinmu ta janye masa lasisi. Mutane suka wayi gari kuɗin jarinsu na ciki, ƙofa kuma a garƙame, wasu suka shafe shekaru suna bin sawu. Bankuna da gidajen ajiya suna da tasu doka ta musamman, amma abin da ya faru ya nuna mana rauninmu: yawancinmu ba mu san abin da ke biyo bayan karyewar kamfani ba.

Kamfanonin kasuwanci a Kamaru suna ƙarƙashin dokar OHADA, wadda ƙasashen Afirka 17 ke aiki da ita. Sashenta na karyewar kamfani an kafa shi a 1998, aka sabunta shi a 2015. Idan kamfani ya kai matsayin da abin da ke hannunsa ba zai biya bashin da lokacinsa ya yi ba, dole mai shi ya sanar da kotu cikin kwana 30. A nan Douala, babbar kotun Wouri da ke Bonanjo ce ke duba irin wannan. In alƙali ya ga akwai sauran numfashi, sai a ba kamfanin damar farfaɗowa. In babu, sai a yanke hukuncin sayar da kadarorinsa, a naɗa wakili da ake kira sindik ya tattara dukiya ya raba wa masu bin bashi.

To, a nan ne namu ke faɗuwa. Daga ranar hukunci, ba ka da ikon zuwa kai kaɗai ka ƙwace kaya ko ka kai ƙara don a biya ka. Sai dai ka rubuta wa sindik adadin bashinka, tare da shaida, cikin kwana 60 bayan sanarwa ta biyu a jaridar sanarwar shari'a. Wanda ke wajen ƙasa, misali a Kano ko Maraɗi, yana da kwana 90. Wanda ya makara yana iya rasa rabonsa. Sanarwar nan kuwa da Faransanci take fita, a shafin da mai sayar da albasa ko shanu ba ya buɗewa.

Ko ka rubuta a kan lokaci, akwai layi. Kuɗin shari'a da albashin ma'aikata suna gaba, sai masu jingina kamar bankuna, da haraji. Wanda ya ba da kaya bisa amana, ba jingina, shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa kafin a zo kansa tukunya ta ƙare. Ɗauki misalin Alhajin da ya kai wa wani kamfani shanu na sefa miliyan uku, shaidarsa kawai "mun daɗe tare". Me zai nuna wa sindik?

Wasu za su ce takarda tana ɓata zumunci, kuma da amana kasuwancinmu ya kai inda ya kai. Gaskiya ne, amana ta yi mana rana. Sai dai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Malaman Malikiyya ma sun yi babi guda kan wanda bashi ya cinye dukiyarsa, har suka ce mai kaya in ya tarar da kayansa yadda suke, ya fi kowa haƙƙi a kansu. Dokar OHADA tana da makamancin haka: in aka rubuta cewa kaya naka ne har sai an biya, kana iya neman a maido maka.

Don haka, 'yan'uwa, duk kayan da ya fita bashi a karɓi faktir mai sa hannu da hatimi. In biya ya fara jinkiri wata biyu, uku, a rage ba da kaya. Kada a zuba jari duka a gidan ajiya ɗaya. Ƙungiyoyin kasuwanninmu kuma su sa yaro ɗaya mai boko ya riƙa duba sanarwar kotu duk mako, ya sanar da jama'a bayan sallar Juma'a. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.