Daga Ikko Zuwa Abbaganaram A Kan Keke

'Yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, babu wanda bai ji abin da ya sami Yerwa ran 10 ga watan Satumba, 2024 ba. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya, ruwa ya shiga Abbaganaram da Gwange da Gamboru, har fadar Shehun Borno bai bari ba. Mutum sama da 400,000 suka bar muhallinsu, shekara 30 bayan irin wannan masifa ta 1994. An kai shinkafa, an kai barguna, Allah ya saka da alheri. Amma fa shinkafa ba ta tā da bangon da ya faɗi.

Shawarar da za mu kawo, mun gan ta ne a Amurka. A 1976 wani bawan Allah, Millard Fuller, ya kafa ƙungiyar Habitat for Humanity, wadda ta ɗauki hanyar gina wa talaka gida ba tare da cin riba ko kuɗin ruwa ba. Mai gidan shi ma sai ya sa hannu cikin ginin, sa'an nan ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, abin da ya biya a yi wa wani da shi. Daga 2003 samarin wata ƙungiya mai suna Bike & Build suka riƙa ratsa ƙasar a kan keke daga wannan teku zuwa wancan. Kowane mahayi sai ya tara gudummawa kafin ya tashi, a hanya kuma su yada zango su yi wuni guda suna aikin gini. Watau dai aikin gayya ne irin namu, sai dai an ɗora shi a kan keke.

To, mu ma ai ba a bar mu a baya ba wajen tattaki. A 2015 wani matashi ya taka a ƙasa daga Ikko har Abuja don murnar cin zaɓe, wasu kuma suka bi sahu. Ƙarfi akwai shi, juriya akwai ta. Abin takaici shi ne gumin yakan ƙare a ƙofar mai mulki, a ɗauki hoto, kowa ya watse.

Daga Ikko zuwa Maiduguri tafiyar ta haura kilomita 1,500. Me zai hana samarinmu goma su hau keke, 'yan kasuwarmu na Mile 12 da mahautan Oko-Oba kowa ya ɗauki nauyin kilomita ɗaya ko biyu? Wani zai ce gara a aika da kuɗin kawai a huta. Gaskiya ne keke ba ya yin bulo. Amma mutum yakan manta da masifar da ba ya gani, mahayan kuwa duk garin da suka sauka, daga Ilori zuwa Kano zuwa Potiskum, za a sake tunawa da Abbaganaram.

Sai dai da sharaɗi uku. Na ɗaya, kuɗin su shiga asusun da sarakunan Hausawa da limamai za su sa wa ido, a karanta lissafinsa a bainar jama'a. Na biyu, kada a manta da ɗan haya, domin shi ne ba shi da takardar fili da zai nuna. Na uku, kada a sake aza tubali a kan hanyar ruwa. Batun tsaron hanya kuwa, musamman tsakanin Damaturu da Maiduguri, lalle ne a bi umarnin hukuma.

Wannan ba zai sauke wa Gwamnati nauyin gyaran Alau da samar da gidaje ba, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke biyan haya a Ikko ya fi kowa sanin darajar ɗaki. Allah ya ba mu ikon yi, amin.