Masana'antar Tumatir: Aiki Ba Ya Wuce Saurin Mai Jinkiri

'Yan'uwanmu masu sana'ar gwari a kasuwar Mile 12 ta Ikko da Shasha ta Ibadan sun fi kowa sanin asarar tumatir. A lokacin kaka kwando yakan ruɓe kafin a sami mai saye, da damina kuwa sai ya yi tsada. Don maganin wannan ne aka kafa masana'antar tumatir a Lau, a bakin kogin Binuwai, wadda daga baya ta daina aiki.

Duk mai son ta farfaɗo, to ya fahimci yadda layin aiki ke tafiya. Tumatir yana bin matakai: wanki, tsinta, niƙa, dafawa, sannan zubawa a gwangwani. A ce injin wanki yana gama tan 10 a awa, amma mai rufe gwangwani tan 6 kawai yake iyawa. Tan 6 ɗin nan shi ne ƙarfin masana'antar duka. Sauran tan 4 sai su taru su lalace, ma'aikatan gaba suna gumi, na baya suna zaune. Gyaran shi ne a auna lokacin kowane mataki, a ƙara hannu ko inji inda aiki ya cushe. Da irin wannan tsari ne Henry Ford na Amurka ya rage lokacin haɗa mota daga fiye da awa 12 zuwa kamar awa ɗaya da rabi, bayan ya fara layi mai tafiya a 1913.

Amma layin tumatir daga gona yake farawa. Masana'antar Dangote ta Kadawa a Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2016 don sarrafa tan 1,200 a rana, ta tsaya a shekarar saboda tsutsa ta cinye gonaki, tumatir bai ishe ta ba.

Saboda haka kafin a sayo sabon inji a Lau, a fara lissafa abin da manoman fadama za su iya kawowa kullum, da halin hanyar da za su bi, da wutar lantarki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In aka daidaita waɗannan, matasanmu za su sami aiki a gida. Allah ya sa hukuma ta ji.