Laifin Wane Ne Kurket Ya Lalace a Wes Indis?

Cikin watan Yuli na shekarar 2025, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, 'yan wasan kurket na Wes Indis suka kara da na Ostiraliya. Da bugu ya zo kansu karo na biyu, su goma sha ɗaya abin da suka tara duka gudu 27 ne. Tun da aka fara manyan wasannin kurket tsakanin ƙasashe a 1877, sau ɗaya tak aka yi abin da ya kasa wannan, watau 26 da mutanen Niyuzilan suka yi a 1955. Mai karatu ya iya cewa, to, mene ne a ciki? Ga ma'auni. A wannan filin dai, a 1958, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Garfield Sobers ya yi gudu 365 shi kaɗai, ba a ko fitar da shi ba.

Da ya ke ba kowa ya san wasan nan ba, bari in bayyana shi a taƙaice. Turawan Ingila ne suka kai shi ƙasashen da suka mallaka, har nan ma an yi shi a Kwalejin Katsina zamanin su Sardauna suna 'yan makaranta. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe. A kan kafa sanduna uku, mai jifa ya auno su da ƙwallo mai tauri kamar dutse, mai bugu ya tsare su da wani faffaɗan katako. In ya maka ƙwallon ta yi nisa, sai shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu, ana ƙidayawa. In ƙwallo ta taɓa sandunan, ko aka cafe ta kafin ta faɗi ƙasa, ya fita. In an fitar da goma, sai ɗaya gefen ya karɓi bugu. Babban wasa ya kan kai kwana biyar. Akwai na yini ɗaya, akwai kuma wani gajere na kamar awa uku da aka ƙago daga baya, wanda kuɗi ya ke cikinsa yanzu.

Wes Indis kuwa ba ƙasa ɗaya ba ce. Tsibirai ne barkatai cikin tekun Karibiyan, irin su Jamaika da Barbados da Tirinidad da Antigwa, da kuma Gayana wadda ta ke kan tudu, kowace da tutarta da gwamnatinta. Yawancin mutanensu jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka don noman rake, da jikokin 'yan ƙwadago da aka kawo daga Indiya. Sun gwada haɗa gwamnati ɗaya a 1958, ta wargaje a 1962. Ƙungiyar kurket ɗinsu kuwa tun 1928 ta ke karawa da ƙasashe da suna ɗaya, har yau. Saboda haka wanda ya lalata ta, ya taɓa igiyar da ta ɗaure tsintsiyar.

Shekara talatin da wani abu hukumar wasan ba ta yarda baƙin mutum ya riƙe shugabancin 'yan wasa sosai ba, ko da ya fi kowa iyawa. Sai da marubucin nan C. L. R. James ya dage a jarida kana aka ba Frank Worrell, ya kai su Ostiraliya a 1960. An cinye su biyu da ɗaya, amma don kyan wasansu mutanen Melbourne suka cika tituna suna yi musu rakiya. Daga baya Clive Lloyd ya karɓa. Shi ya ci Kofin Duniya na farko a 1975, ya sake ci a 1979. A 1976 shugaban 'yan wasan Ingila, Tony Greig, haifaffen Afirka ta Kudu, ya cika baki cewa zai sa su rarrafe. Kai, jama'a, dubi maganar da za a faɗa wa jikokin bayi! Suka lallasa Ingila uku ba ko ɗaya, Viv Richards shi kaɗai ya yi gudu 829.

Masu son kurket suna da wani musu da ba ya ƙarewa, wai wace ƙungiya ce ta fi duka tun da aka fara. Waɗansu su ce ta Ostiraliya wadda Don Bradman ya kai Ingila a 1948, ta koma gida ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Waɗansu su ce ta Steve Waugh wadda ta ci manyan wasanni 16 a jere. Ni dai ba ni da shakka. Na Bradman rani ɗaya ne, a ƙasar da yaƙi bai daɗe da ragargazawa ba. Na Waugh kuwa Indiya ta taka masa burki a 2001. Amma daga 1980 zuwa 1995, shekara goma sha biyar, Wes Indis ta yi gamo 29 da ƙasashe, gida da waje, ba wadda ta rinjaye ta. Ta ci Ingila biyar ba ko ɗaya a 1984, ta maimaita a 1986. Masu jifansu, su Roberts da Holding da Garner da Marshall, daga baya Ambrose da Walsh, in ɗaya ya gaji sai a sako wanda ya fi shi zafi. Duk wannan daga mutanen da jimillarsu ba ta kai ta birnin London ba.

Yabon gwani ya zama dole, na kuwa yi. Amma musun nan ya zama wa manyan Wes Indis wurin ɓuya. Duk sa'ad da aka ci su, sai a ɗauko sunayen mazan jiya a jera, a ce yaran yanzu ba su da zuciya, ba su da kishin ƙasa, kuɗi kawai su ke so. Wannan magana ita na ke ƙi.

Wai yaran yanzu ne suka fara son kuɗi? A 1983, ana tsakiyar zamanin da a ke yabo, Lawrence Rowe ya ja ayarin 'yan wasa zuwa Afirka ta Kudu, alhali duniya ta ƙaurace mata saboda wariyar launin fata. Kuɗi ne ya kai su, aka kuwa hana su wasa. Richards ya ƙi zuwa, Allah ya sani ya yi mutunci, amma ai waɗansu sun je. Ɗan wasa ɗan Adam ne, ƙarfinsa na shekaru kaɗan ne, yana da uwa da 'ya'ya. Tun da aka buɗe gasar gajeren wasa ta Indiya a 2008, gwani ya kan samu cikin wata biyu abin da hukumarsa ba ta iya ba shi cikin shekara. Da Nicholas Pooran ya bar buga wa Wes Indis a 2025 yana ɗan shekara 29, an yi ta zaginsa. Masu zagin su faɗa mini, a cikinsu wa zai ƙi albashi mai tsoka don a yaba masa a bakin kasuwa?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A duba littafin hukumar. A 2009 manyan 'yan wasa suka ƙi fita saboda rigimar yarjejeniya da biya, aka tattaro na baya, Bangaladash ta zo har gida ta ci su sau biyu. A 2014 'yan wasa suka bar Indiya ana tsakiyar ziyara, a kan rigimar albashi har wa yau, hukumar Indiya ta aiko da takardar neman diyya ta wajen dala miliyan 42. An kafa kwamiti a ƙarƙashin P. J. Patterson, tsohon Firayim Ministan Jamaika, ya ba da rahoto a 2007 cewa a sake ginin hukumar. A 2015 wani kwamiti na Farfesa Eudine Barriteau ya ce a rushe ta ɗungum. Hukuma ta ƙi. A 2017 sai ta sake suna. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san irin wannan, a sake fentin ƙofar baitulmali, ma'aji na nan, littafin kuɗi na nan yadda ya ke. Ƙarshenta a 2023 ƙasar da ta ci Kofin Duniya biyu na farko ta kasa samun ko shiga gasar, bayan Zimbabuwe da Holan da Sikotilan sun ci ta.

Sai maganar cin hanci. Masu caca su kan sayi ɗan wasa ya yi sakaci da gangan, ko ya tsegunta musu asirin ƙungiyarsa. Cutar ba ta Wes Indis kaɗai ba ce. Ta kama Hansie Cronje, shugaban 'yan wasan Afirka ta Kudu, a 2000, ta kuma kai 'yan Pakistan uku kurkuku a Ingila a 2011. A Wes Indis an dakatar da Marlon Samuels shekara biyu a 2008 a kan hulɗa da wani mai caca, aka sake dakatar da shi shekara shida a 2023. Ba na kare shi, ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To, amma Allen Stanford fa? Wannan attajiri ne daga Texas ta Amurka, ya kafa banki a Antigwa, har aka ba shi sarauta. A 2008 ya sauka da jirgi mai saukar ungulu a filin Lord's na London, filin da Turawa su ke girmamawa fiye da kowane, aka ajiye akwatin kuɗi a gaban masu ɗaukar hoto. Ya sa dala miliyan 20 a kan wasa ɗaya na awa uku. Hukumar Wes Indis da ta Ingila suka shimfiɗa masa tabarma. Ba wanda ya dage ya ce, malam, ina ka samo? A watan Fabrairu 2009 hukumomin Amurka suka tuhume shi, a 2012 aka ɗaure shi shekara 110 a kan damfarar dala biliyan 7, kuɗin mutanen da suka ba shi ajiya. Yaron da ya yi hulɗa da mai caca an buga sunansa duniya ta ji. Manyan da suka rungumi Stanford suka kakkaɓe riga suka koma kujerunsu. Yaro yana kallo, ya kuwa koyi darasi.

Akwai kuma wani rashin gaskiya wanda doka ta halatta, shi ya sa ba a kiransa da sunansa. A rabon kuɗin hukumar kurket ta duniya na 2024 zuwa 2027, Indiya ta ɗauki wajen kashi 38 cikin ɗari, Wes Indis ba ta kai kashi 5 ba. In ƙungiya ta kai ziyara, mai masauki shi ke kwashe kuɗin ƙofa da na talabijin. Ga shi kuwa a Wes Indis ko wasan cikin gida za a yi, tsakanin Jamaika da Gayana misali, sai an hau jirgin sama an kama masauki. An ce Indiya ita ke kawo yawancin kuɗin, gaskiya ne. Amma da wa za ta yi wasan in sauran sun mutu?

Masu cewa iri ya ƙare, su tuna watan Janairu 2024. An tura ƙungiya Ostiraliya da mutum bakwai waɗanda ba su taɓa babban wasa ba. Cikinsu akwai Shamar Joseph, daga Baracara, wani ƙauye na Gayana da sai da jirgin ruwa a ke zuwa, wanda bai daɗe da barin aikin gadi ba. An fasa masa yatsan ƙafa da ƙwallo, kashegari ya fito yana ɗingishi ya fitar da mutum bakwai, Wes Indis ta ci da gudu 8 a Brisbane. Rabonsu da cin babban wasa a Ostiraliya tun 1997. Su Shamar nawa ne ke gadin kantuna yanzu don ba filin kirki, ba mai koyarwa, ba wanda ya je ƙauyensu ya duba?

Bayan abin kunyar gudu 27, shugaban hukumar ya kira taron gaggawa, ya gayyaci Lloyd da Richards da Brian Lara su zo su ba da shawara. Mutanen kirki ne, sun kuwa san wasa. Amma ba su ne suka ƙi rahoton 2015 ba, ba su ne ke riƙe da littafin kuɗi ba. Gwamnatocin tsibiran, waɗanda suka gina filayen wasa da kuɗin talakawansu don Kofin Duniya na 2007, su ya kamata su kira hukumar, su ajiye mata rahoton Patterson da na Barriteau a kan tebur, su bi su shafi shafi, ta nuna abin da ta aikata da abin da ta bari.